Tsohon gidan gona na jan bulo da ke cikin rajistar tarihi: in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata tara ina aiki a jihar Virginia ta Amurka. Na ga wani tsohon gidan gona na jan bulo a ƙauye, bene ne, an ce an gina shi wajen 1840, da fili da wasu ƙananan ɗakuna a bayansa, kuɗinsa kuma bai kai na ƙaramin gida a birni ba. Dillali ya ce yana cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Wani abokina ya ce kada in kuskura, wai ko ƙusa ba zan buga ba sai da izinin gwamnati. Gaskiya ne? Kuma me suka gani a gidan manomi har ya shiga rajista?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai labarin wata ƙasa ya kawo maka. Abin da ya faɗa dokar Ingila ce. A can, gini in ya shiga jerin waɗanda aka killace, ko da a mataki na biyu yake, wanda shi ne mafi ƙanƙanta kuma ya ƙunshi fiye da tara cikin goma na gine-ginen, ba ka da ikon sauya taga ko fasa bangon ciki sai da takardar izini daga ƙaramar hukuma. Wanda ya yi gaban kansa ya aikata laifi, kuma dokarsu ta 1990 ta ba kotu damar ɗaure shi har shekara biyu. Amurka ba haka take ba.

Rajistar da dillalin yake nufi an kafa ta ne da dokar 1966, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu shekara uku bayan an fara rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a New York, rushewar da ta ɓata wa jama'a rai ƙwarai. Hukumar kula da gandayen daji da wuraren tarihi ta ƙasa (National Park Service) ce ke riƙe da littafin, kuma yanzu akwai wurare sama da 95,000 a ciki. Amma Ba'amurke ba ya wasa da haƙƙin mallaka, don haka aka tsara dokar yadda za ta ɗaure hannun gwamnatin tarayya, ta bar na mai gida a sake. In gidan naka ne, da kuɗin aljihunka kake aiki, rajistar ƙasa ba ta hana ka shafa masa koren fenti, ba ta hana ka sayar da shi, ba ta tilasta maka buɗe wa baƙi ƙofa. Ko rushe shi ka yi, iyakacinta a goge sunansa daga littafi. Inda take da haƙori shi ne sashe na 106: duk aikin da gwamnatin tarayya ta sa wa kuɗi ko ta ba lasisi, kamar babbar hanya ko bututun gas da zai ratsa ta gonar, dole hukumar ta tsaya ta auna ɓarnar da za ta yi wa gidan, ta yi shawara da ofishin tarihi na jiha. Ko wannan ɗin ma shawara ce ake tilastawa, ba hani ba.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Akwai takardu biyu da suke ɗaure mai gida da gaske, kuma dillalai kan cuɗe su da rajista, wani lokaci don rashin sani, wani lokaci don kada ciniki ya ɓaci. Ta farko ita ce yarjejeniyar kariya da wani tsohon mai gidan ya rattaba wa hannu, ya miƙa wa hukumar tarihi ta jiha ko wata ƙungiya ikon sa ido a kan ginin, sau da yawa don a rage masa haraji. Wannan tana bin filin ne, ba mutumin ba, kuma a Virginia galibi ta har abada ce. Ka saya, ka gaje ta. Ta biyu ita ce dokar gunduma: wasu gundumomi suna da yankunan tarihi nasu da kwamitin da ke duba duk gyaran da za a gani daga waje. Saboda haka kada ka tsaya a bakin dillali. Ka sa lauya ya bi takardun filin a ofishin kotun gunduma, ka kuma buga waya ga Sashen Albarkatun Tarihi na jiha da ke Richmond. Kwana ɗaya ya isa ka san matsayinka.

Akwai ɗan romo ma. Tarayya tana rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyara, amma ga ginin da ke kawo kuɗi kaɗai, kamar wanda aka ba haya. In da kanka za ka zauna, ba ka ciki. Virginia kuwa tana ba da kashi 25, har ga mai zama a gidansa, muddin gyaran ya kai kashi ɗaya bisa huɗu na ƙimar ginin kuma an bi ƙa'idojin gyara na ma'aikatar cikin gida ta tarayya. Ka nemi amincewarsu kafin birkila ya ɗaga guduma. Na ga mutanen da suka gama aiki sannan suka kai takarda, aka ce musu sai haƙuri.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ta fi ɗaukar hankalina. Mu mun saba in an ce ginin tarihi, a kawo fadar sarki ko masallaci. Su ma'auninsu huɗu ne, ɗaya ma ya isa: ko wurin yana da alaƙa da wani muhimmin al'amari, ko da wani fitaccen mutum, ko ginin kansa misali ne mai kyau na salon wani zamani, ko ana sa ran ƙasar wurin ta ɓoye abin da masu tono za su ƙaru da shi. A al'ada sai ya shekara hamsin. Yawancin gidajen gona ta ƙofa ta uku suke shiga, wani lokaci a haɗa da ta farko saboda tarihin noman yankin. Ba a neman gidan ya zama abin mamaki. Ana neman ya faɗi gaskiya game da zamaninsa: yana nan inda aka gina shi, fasalinsa bai jirkice ba, kayan da aka yi shi da su ba a maye gurbinsu ba, aikin hannun magina yana nan a bayyane, kuma in ka tsaya a tsakar gida har yanzu gona kake gani, ba shagunan zamani ba. Gidan talakan manomi da ba a taɓa ba ya fi na attajiri da aka yi wa kwaskwarima sau biyar shiga cikin sauƙi. Talauci ya ceci gine-gine da yawa, don mai shi bai samu kuɗin ɓata su ba.

Kowane gida da ke cikin rajista yana da takardar da aka cike lokacin gabatar da shi, kuma ta kowa ce, ana samunta a intanet kyauta. Ka sauke ta gidan nan kafin ka sake zuwa. A ciki za ka ga bayanin ginin ɗaki-ɗaki, da sunayen waɗanda suka mallake shi, da jerin abin da aka ce shi ne tarihin da abin da aka ƙara daga baya. Ka riƙe ta a hannu ka zagaya, ka ga me ya ɓace tun ranar da aka rubuta.

Kafin nan ma, in kana da ranar hutu, ka tafi gundumar Surry, a ƙetaren kogin James daga tsohon garin Jamestown, ka ga gidan da ake kira Bacon's Castle. Duk wanda zai sayi tsohon gidan bulo a Virginia ya kamata ya fara da shi, don shi ne kakansu. Wani manomin taba kuma ɗan kasuwa mai suna Arthur Allen ya gina shi a 1665, lokacin da kusan kowa a yankin, har masu hali, a ɗakin katako yake kwana. Mutanen zamanin ba su ce masa komai ba sai gidan bulo na Allen, kuma wannan kaɗai ya isa a gane shi. Sunan da ya bi shi yanzu na tawaye ne: a 1676 magoya bayan Nathaniel Bacon, waɗanda suka yi wa Gwamna William Berkeley bore har suka ƙona Jamestown, suka ƙwace gidan daga hannun ɗan Allen suka mai da shi sansani na wasu watanni. Shi Bacon ɗin bai zauna a ciki ba, ciwo ya kashe shi a watan Oktoba na shekarar. Gidan mutum ya koma amsa sunan abokin gabansa.

In ka isa, ka tsaya ta gefe ka ɗaga kai. Bangon da ke tare rufin bai tafi a miƙe kamar dala ba, ya hau ne da lanƙwasa da matakai, salon da Ingila ta aro daga Holan da yankin Filandas na Beljiyam. A kowane gefe bututun hayaƙi uku ne a jere, kowanne an juya shi ya fuskanci kusurwa. Manomin nan ba don murhu kawai ya yi su ba. Aikinsu ɗaya da na zankwayen soro a wurinmu, mai wucewa ya hango daga nesa ya san gidan wani ne. Da za ka kalle shi daga sama, siffar gicciye gare shi, hasumiyar shiga a gaba, ta matakala a baya. Gidaje irinsa uku suka rage a duk nahiyoyin Amurka, sauran biyun, Drax Hall da St Nicholas Abbey, suna tsibirin Barbados. An ayyana shi a babban mataki na alamomin tarihi na ƙasa tun 1960, matakin da wurare kamar 2,600 kaɗai suka kai, kuma wata ƙungiyar adana tarihi ta jihar ta saye shi a farkon shekarun 1970. Abin da nake so ka lura da shi shi ne ba a mai da shi yadda yake a 1665 ba. A tsakiyar ƙarni na 19 an liƙa masa wani sashe a gefe mai salon daban, kuma an bar shi, don shi ma ya zama tarihi.

Daga nan sai ka matsa kusa da bangon har hancinka ya kusa taɓa shi, don a nan karatun yake. Tsohon bango na bulo ba fata ba ne da aka lulluɓa wa katako kamar gidajen Amurka na yanzu. Bulo ne tun daga waje har ciki, layi biyu ko uku ko fiye, kuma don kada layukan su rabu, magini yakan juya wasu bulo su kwanta a gicciye, ƙeyarsu kaɗai ke leƙowa waje. Yadda aka jera masu tsawo da masu ƙeya shi ake kira ɗauri, kuma da shi muke ƙiyasta shekarun gida. A gidan Allen ɗaurin Ingila ne: layi guda duk masu tsawo, na samansa duk masu ƙeya. A ƙarni na 18 aka koma ɗaurin Filandas, inda a layi ɗaya ake bin mai tsawo da mai ƙeya, mai tsawo da mai ƙeya, ya fi kyau a ido, ya fi cin lokaci. Zuwa zamanin gidanka an fi yin ɗaurin gama-gari: layi uku ko biyar na masu tsawo, sannan ɗaya na masu ƙeya. Kada ka yi mamaki in ka tarar fuskar gidan ɗaurin Filandas ce, gefe da baya kuwa gama-gari. Manomi ya san inda baƙo ke kallo.

Sauran fasalin zan iya zana maka ban gani ba, don dubbai aka yi irinsa: hawa biyu, faɗin ɗaki ɗaya daga gaba zuwa baya, baranda ta ciki a tsakiya da matakala, ɗaki a dama ɗaki a hagu, murhu a kowane ƙarshe, sai wani reshe da aka ja ta baya don kicin. In kana son tabbatar da shekarar 1840 ɗin, ka hau ƙarƙashin rufi da tocila. Ƙusar da maƙeri ya buga da hannu ta kafin 1800 ce galibi, mai kusurwa huɗu da inji ya yanka ita ce ta zamaninka, mai zagaye irin ta yau kuwa sai ƙarshen ƙarnin. Sawun zarto a jikin katako in a miƙe yake a jere, tsohon injin ruwa ne, in a lanƙwashe yake, zarto mai juyawa ne, wanda ya yaɗu daga baya.

Duk wannan ilimi ne mai daɗi, amma abin da zai cinye maka kuɗi ko ya bar maka su yana tsakanin bulo da bulo. Bulon gidan nan ba daga masana'anta ya zo ba. A gonar aka haƙo yumɓu, aka buga shi a akwatin katako, aka shanya, aka tara shi tsibi guda da ramukan wuta a ƙasa, aka yaɓe, aka yi ta zuba itace kwana da kwanaki. Waɗanda suka yi kusa da wuta suka fito baƙi-baƙi masu ƙarfi, wasu har da ƙyalli, na nesa suka fito jajaye masu laushi, aka ɓoye su a tsakiyar bango. Ko mai ƙarfin ma ɓawonsa ne kawai ya gasu sosai, cikinsa kamar burodi yake. Abin da aka haɗa su da shi kuwa ba siminti ba ne. Farar ƙasa ce ta gini da yashi, wadda a bakin teku ake samu daga ƙona bawon kawa, a cikin ƙasa kuma daga ƙona dutse. Siminti, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, bai zama ruwan dare a Amurka ba sai ƙarshen ƙarnin zuwa farkon na 20.

Kwaɓin farar ƙasa ya fi bulon laushi, kuma haka ake so. Bango yana shan ruwa daga sama da ƙasa, ruwan kuma yana fita ta layin kwaɓin. In gini ya ɗan motsa, kwaɓin ne ke ba da kai. A hankali yana zaizayewa, bayan shekaru masu yawa a kankare bakin a sake cikawa, bulo yana nan lafiya. To sai wani birkila na zamani ya zo ya ga layukan sun rarake, ya kwaɓa siminti mai ƙarfi ya cike. Ranar da ya gama, kowa zai yaba. Amma ya toshe wa ruwa hanya, don haka ruwan zai koma fita ta jikin bulo. Sanyin hunturu ya zo, ruwan ya daskare a ciki, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya ɓalle gasasshen ɓawon. Daga nan cikin bulon ya fito fili ya fara zuba kamar gari. Na taɓa duba wani gida da aka yi wa haka: layukan siminti sun tsaya cak kamar ragar waya, bulon da ke tsakaninsu ya lotsa ciki har yatsana ya shige. Bangon da ya yi fiye da shekara ɗari yana tsaye, gyaran shekara goma sha ya kusa kayar da shi. Gidan kuma yana cikin rajista, da allon tagulla a bakin ƙofa.

Kai ba baƙon wannan cuta ba ne, in ka tuna gida. Sau nawa ka ga an yi wa katangar tubali filasta da siminti maimakon yaɓen makuba, bayan damina biyu ko uku filastar ta kumburo ta faɗo falle guda, ta taho da rabin bangon? Ciwon ɗaya ne. Haka nan ganuwar Kano tana cikin kayan tarihi da dokar Najeriya ta killace, ka kuma san yadda ta koma a wurare da dama. Shi ya sa ban cika damuwa da abin da aka rubuta a littafi ba, na fi damuwa da wanda aka ba cokalin gini.

Abokan siminti a wannan ɓarna su ne wanke bango da feshin yashi, wanda ke kankare ɓawon bulo cikin yini ɗaya, da fentin da ake cewa yana hana ruwa shiga, wanda a gaskiya fita yake hana shi, da injin yanka da ake zurawa a layin kwaɓi ya gutsure bakin bulo. In ka ga bangon ya yi kaushi kamar soso, an riga an yi masa feshin, kuma ba shi da magani sai lallaɓawa. Wannan kaɗai ya isa ka nemi a rage kuɗi sosai, ko ka juya.

Ka ambaci ƙananan ɗakuna a baya kamar ɗan ƙarin da ake ba mai saye a kasuwa. Kada ka raina su. A takardar rajista sau da yawa su ma ana ƙirga su cikin abin da ya ba wurin daraja: ɗakin ƙyafe nama, ɗakin ajiye madara, rumbun masara, rumfar shanya taba. Kuma a Virginia ta 1840, gonar da ta iya gina benen bulo da wuya a ce ba gandun bayi ba ce. Mai yiwuwa ɗaya daga cikin ɗakunan nan nan ne suke kwana, kuma su ne suka haƙo yumɓun suka buga bulon. A Bacon's Castle ɗakin bayi na wajen 1830 yana nan tsaye, 'yan taku kaɗan daga babban gidan. A wasu tsofaffin gine-gine na kudancin Amurka ana ganin sawun yatsu a jikin bulo, na wanda ya ɗauke shi yana ɗanye ya juya shi a rana, wasu sawun ƙanana ne, na yara. Kakanninsu daga gaɓar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka kwaso su. Ni dai in nawa ne, rufin wannan ɗakin zan fara gyarawa kafin in sayi labulen falo. In kuma ka ga wasu duwatsu marasa rubutu a jere a bakin daji, kada ka sa tarakta, maƙabarta ce, kuma dokar jihar ta ba zuriyar mamatan haƙƙin ziyara ko da filin naka ne.

Araha ba ta ado, don haka kafin ka sa hannu ka ɗauko mai duba gini wanda ya saba da tsofaffin gidaje, ba wanda dillali ya kawo ba. A gwada fentin ciki, don gidan da ya girmi 1978 akwai yiwuwar dalma a fentinsa, kuma in kana da ƙananan yara wannan ba abin wasa ba ne. A duba gara a katakon daɓe, inda ya shiga cikin bango, don a nan yake ruɓewa ba a gani. Ka tambayi kamfanin inshora tun yanzu nawa za su karɓa.

Kai kuma ka koma da kanka washegarin ruwan sama mai ƙarfi. Ka bi indararo ka ga inda yake zubar da ruwansa, ko nesa da gini ko a gindin bango. Ka shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ka shaƙi iskar. Ka duba ko akwai farin gishiri da ya tsatso a ƙasan bango, da kuma ko bututun hayaƙi ya fara karkata. Sannan ka ciro makullin motarka ka karci layin kwaɓi a wurare biyar ko shida, gaba da baya da ɓangaren da rana ba ta samu. In ya ɗan rugurguje, fari-fari da ɗigon farar ƙasa a ciki, na asali ne. In makullin ya zame a kan abu mai launin toka bai bar ko alama ba, ka ɗauki hoton wurin da bulon da ke kewaye da shi, ka turo mini tare da takardar rajistar, sai mu lissafa.